Kwalejin jama'a ta koyon sana'a: abin da makiyayan Nabaho na Amurka suka gina wa ɗiyansu

(Jawabin da wani tsohon malamin kiwo ya yi gaban wakilan makiyaya da ƴan kasuwar bisashe a zaman ƙungiya. Mun buga shi kamar yadda ya faɗe shi.)



Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, kowane arɗo da kowane garso da ya baro garkensa ya zo nan, iyayenmu mata masu nono, fatake da dillalai, da ku samari, ina yi muku barka da zuwa. Ina fatan kun baro gida da bisashe lafiya.

An ce in yi magana kan makaranta. Na san da jin haka wasu za su ce cikin ransu, yau ma an dawo da zancen lakwal. Ba ku yi laifi ba, don ni ma akwai abin da na gani cikin gidanmu. Yayana ya sa ɗansa lakwal yana da shekara 7. Yaron ya yi shekara 10 bisa benci, ya faɗi jarrabawar ƙarshen koleji, ya dawo ruga. Da ya dawo bai san shanun ubansa da sunayensu ba, hannunsa bai jure igiyar rijiya, kuma babu ofishin da ke nemansa. A ranin shekarar muka sayi maganin sammore bisa tebur a kasuwa. Yaron ya karanta takardar maganin tsaf, harafi bai kuɓuce masa ba, amma bai san yadda ake ƙiyasta nauyin saniya ba, balle ya san yawan ruwan da ake dama maganin da shi. Muka yi allura da ka, muka yi asarar shanu 4. Yau yana birni yana kabu-kabu da babur ɗin wani. Shekara 10 sun tafi, ba tsuntsu ba tarko.

Tun lokacin nake tambaya: babu wata irin makaranta da za ta ɗauki ɗan makiyayi ta maido shi da abin da garke da kasuwa ke bukata? Akwai ta. Zan ba ku labarin yadda take a Amurka, inda aka fi saninta, da yadda wasu makiyaya na can suka kafa tasu da hannunsu. Ban ce mu kwafo ta dukanta ba. So nake mu fahimci manufarta da yadda aka tsara ta, don in an zo mana da zancen makarantar sana'a mu san abin da za mu tambaya.

Mene ne kwalejin jama'a?

Da farko in kawar da ruɗani. Mu nan in an ce koleji, makarantar da yaro ke shiga bayan firamare muke nufi. A Amurka kwaleji ta manya ce, ana shigarta bayan an gama sakandare gaba ɗaya. Wadda suke kira kwalejin jama'a makarantar gwamnati ce ta shekara 2, wadda ake kafawa don mutanen wani yanki, kusa da gidajensu, da kuɗin karatu kaɗan, kuma ba a shigarta ta hanyar gasa. Wadda aka fi lissafawa ta farko ita ce ta garin Joliet, kusa da Shikago, da aka buɗe a 1901. A 1947, bayan yaƙin duniya na biyu, wani kwamiti da shugaba Truman ya naɗa ya ba da shawarar a yawaita irin waɗannan makarantu har kowa ya samu ɗaya kusa da shi, kuma daga nan sunan ya bazu. Yau sun kai wajen 1,000.

Aikinsu iri biyu ne. Wasu ɗalibai na yin shekara 2 a can cikin sauƙin kuɗi, sannan su wuce jami'a su ƙarasa. Wasu kuwa sana'a suka zo nema: walda, gyaran mota, aikin lantarki, jinya, lissafin kuɗi, aikin asibitin dabbobi. Su gama, su kama aiki. Wannan na biyun shi ne zancenmu na yau.

Su wane ne Nabaho?

Cikin mutanen da Turawa suka tarar a Amurka akwai wata al'umma da ake kira Nabaho, su kuma suna ce wa kansu Dine, wato mutane. Ƙasarsu na kudu maso yammacin Amurka, inda jihohin Arizona da Niyu Meziko da Yuta suka haɗu. Faɗinta wajen murabba'in kilomita 71,000, ta fi ƙasar Togo girma. Ƙasa ce ta duwatsu da rairayi da ƙarancin ruwan sama. A rajistar 2021 sun kusa mutum 400,000, amma waɗanda ke zaune cikin ƙasar tasu ba su kai rabi ba. Dukiyarsu ta gado tumaki ce da awaki da dawaki, kuma galibin garken tumaki na mata ne, su ke sausayar gashin, su kaɗa, su saƙa barguna.

Sau biyu aka karya musu garke. A 1863 da 1864 sojan Amurka ya ƙone gonakinsu, ya karkashe bisashensu, ya kora mutum sama da 8,000 a ƙasa, tafiyar wajen kilomita 500, zuwa wani sansani inda aka tsare su shekara 4. Sama da 2,000 suka mutu can. A 1868 aka yi yarjejeniya suka koma gida. Cikin yarjejeniyar gwamnati ta ɗauki alkawarin sayo musu tumaki da awaki 15,000 don su sake kafa garke, da alkawarin ɗakin karatu da malami ga kowane yara 30. Garke ya tashi. Alkawarin makaranta kuwa bai cika yadda aka rubuta ba. Abin da aka fi yi shi ne kwashe yara zuwa makarantun kwana masu nisa, a aske musu kai, a hore su in sun yi harshensu.

Karo na biyu ya zo daga 1933. Lokacin tumakinsu da awakinsu sun haura miliyan ɗaya. Masanan gwamnati suka auna suka ce ƙasar ba ta iya ɗaukar fiye da wajen rabin haka, kiwo ya yi yawa, ruwa na kwashe ƙasa. Shugaban hukumar da ke kula da al'ummun asali, John Collier, ya tilasta rage bisashe. An sayi awaki dalar Amurka ɗaya kowace, da yawa kuma aka harbe su nan take aka bar gawarwakin cikin kwazazzabai. Aka yanka ƙasar yanki-yanki, aka ba kowane gida takardar kiwo mai ƙayyade yawan bisashen da zai riƙe. Mai ƙaramin garke ya fi kowa shan wuya, don abin da aka bar masa bai isa ya ciyar da iyali ba.

Wanda ya ga farin 1973 da na 1984 ya san yadda mutum ke zama in ya wayi gari da sanda babu garke. Bambancin shi ne nasu daga ofis ya fito. An yi lissafin da harshen da ba su ji, da alƙaluman da babu wani nasu da zai iya dubawa ya ce nan kun yi daidai, nan kun yi kure. Wannan ciwo na cikin abin da ya sa dattawansu, waɗanda da suke ɓoye yara kada a kai su makaranta, suka juyo suna neman karatu, amma wanda linzaminsa ke hannunsu.

Yadda suka kafa makarantun

Bayan yaƙin duniya na biyu samarinsu sun fara shiga jami'o'in Turawa, sai dai galibinsu ba su gamawa: nisan gida, rashin kuɗi, baƙunta. A 1968 majalisar Nabaho, zamanin shugabanta Raymond Nakai, ta kafa Kwalejin Jama'ar Nabaho, ta farko da wata al'ummar asali ta mallaka a Amurka. An fara karatu a Janairun 1969 cikin aron ɗakunan wata makarantar sakandare a garin Many Farms. A shekarar nan Ned Hatathli ya zama ɗan Nabaho na farko da ya shugabance ta. A 1973 ta koma mazauninta na Tsaile, wanda aka zana a kewaye kamar ɗakin gargajiyarsu, ƙofa na duban gabas. Tun 1997 ana kiranta Kwalejin Dine.

Shekara 11 bayan ta farko, a 1979, suka buɗe ta biyu a garin Crownpoint, wadda sana'a zalla aka kafa ta dominta. Sunanta na farko Cibiyar Sana'a ta Nabaho, kuma an yi ta ne don marasa aiki su koyi abin yi cikin ƴan watanni. A 1985 ta zama cibiyar fasaha, a 2006 kwalejin fasaha, a 2013 jami'ar fasaha. Duk da wannan girma ba ta yar da gajerun sana'o'in da ta fara da su ba. Yau irin waɗannan kwalejoji na al'ummun asali sun haura 30 a Amurka.

Manufarta

In aka taƙaita, manufar irin wannan makaranta ita ce mutumin yanki ya koyi aikin da yankin ke biyan baƙo ya yi, ba tare da ya bar gida ko ya bar harshensa ba. Ku dubi abin da ake koyarwa a Crownpoint: kafinta da gini, walda, lantarki, gyaran mota, tuƙin manyan motoci, dafa abinci, lissafin kuɗi, renon yara, taimakon jinya, aikin kwamfuta. Akwai guda biyu da nake so ku riƙe.

Na ɗaya, aikin mataimakin likitan dabbobi. A Amurka kafin mutum ya zama cikakken likitan dabbobi sai ya yi wajen shekara 8 bayan sakandare, kuma kaɗan ne cikinsu ke son zama daji. Mataimakin kuwa difloma ce ta kamar shekara 2. Yana koyon kama dabba ba tare da ya ji mata ciwo ba, ɗibar jini da kashi ya duba a madubin likita, auna magani daidai da nauyi, ɗaukar hoton ƙashi, kula da dabba lokacin fiɗa. An kuma koya masa iyakarsa: ba shi ke yanke hukuncin cuta ba, ba shi ke rubuta magani ko yin fiɗa ba, wannan na likita ne. Makarantar na da asibitin dabbobi nata inda jama'a ke kawo dawaki da tumaki da shanu, ɗalibai na koyo bisa dabbobin maƙwabtansu a gaban likita.

Na biyu, aikin mai tsaya wa mutum gaban shari'a. Nabaho na da kotunansu, kuma an yarda wanda ya yi wannan karatu ya ci jarrabawarsu ya tsaya wa mutum a waɗannan kotuna ko da bai zama cikakken lauya ba. Al'ummar da aka taɓa raba ta da garke da takarda ta ga ya kamata ta samu ɗiyanta da suka san takarda.

Kuma kowane ɗalibin difloma, ko walda ya zo koyo, ana haɗa masa da darasin harshe ko tarihi ko al'adar Dine. Tsarin koyarwarsu ma daga hikimar kakanninsu suka ɗauko shi, mataki 4: a yi tunani, a yi shiri, a aikata, sannan a waiwaya a duba abin da aka yi.

Yadda aka tsara ta

Yanzu ga ginin kansa. Zan bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ƙofa. Babu gasar shiga. Wanda ya gama sakandare, ko ya samu takardar da ke daidai da ita, an karɓe shi, ko shekararsa 18 ko 50. Ana yi masa gwaji don a san inda ƙarfinsa ya tsaya. In lissafinsa ko karatunsa da rauni, sai a sa shi ajin share fage. Wanda bai gama sakandare ba akwai ajin manya da zai shirya shi ya samu takardar. Saboda haka za ka ga uwa da ɗanta cikin makaranta guda.

Na biyu, tsani. Ana lissafa karatu da awo, kowane darasi da nauyinsa, ana tarawa kamar yadda ake tara hatsi tiya-tiya. Shekara na da zango 2, kowane wajen wata 4. Wanda ya tara awon shekara ɗaya ko ƙasa da haka cikin sana'a guda, a ba shi takardar shaida ya je ya yi aiki. In ya tara wajen 60, ya samu difloma. In yana so ya ci gaba, a ɗora masa bisa abin da ya tara har digiri. Amfanin wannan ga mai kiwo a fili yake: in lalura ta taso ya bar karatu zango ɗaya, abin da ya tara na nan an rubuta, ba a ce masa ya koma farko. Ana kuma iya ɗaukar darasi 2 kawai a zango, da yamma, mutum na aikinsa da rana.

Na uku, masu mulki. Sama da shugaban makaranta akwai majalisar amintattu. Ita ke ɗaukar shugaban, ita ke sauke shi, ita ke amincewa da kasafin kuɗi da kuɗin karatu da kowace sabuwar sana'a da za a buɗe. A kwalejojin jama'a na sauran Amurka, wani wuri mutanen yanki ke zaɓen amintattun da ƙuri'a, wani wuri gwamnan jiha ke naɗa su. A ƙasar Nabaho hukumar al'ummar ce ke tabbatar da su, kowane ɗaya daga yankunan mulkinsu 5 na da kujera, ɗalibai ma na da kujera. Amintattu ba su shiga aji su koyar, ba su kuma raba guraben karatu ga danginsu. Nasu shi ne su tsare manufa, su tambayi shugaba lissafi. Ko filin gini, a ƙasar Nabaho ba a yanke shi sai an nemi yardar masu takardar kiwo a wurin.

Na huɗu, kwamitin masu sana'a. A al'adar waɗannan kwalejoji kowace sana'a na da ƴan kwamiti daga waje, mutanen da ke cin abinci da wannan aiki kuma su ne za su ɗauki yaran: masu gareji ga sashen gyaran mota, likitoci ga sashen dabbobi. Suna zama sau ɗaya ko biyu a shekara, su dubi abin da ake koyarwa, su ce wannan injin an daina aiki da shi, wannan abu yaranku na zuwa ba su iya ba. Sana'ar da kasuwarta ta mutu a rufe ta, a buɗe wata.

Na biyar, malamai da wurin koyo. Malamin sana'a sai wanda ya yi aikin da hannunsa shekaru. Da yawa ma suna kan aikinsu, darasi ɗaya ko biyu suke zuwa bayarwa. Babban rabon lokacin ɗalibi a wurin aiki yake ƙarewa, kuma kafin ya gama sai an tura shi wajen mai sana'a na waje ya yi makonni, a rubuto yadda ya yi.

Na shida, kuɗi. Kwalejin jama'a kamar tukunya take bisa duwatsun murhu 3: kuɗin jiha, harajin gidaje da filaye na yankin, da abin da ɗalibi ke biya. Ɗalibi matalauci gwamnatin tarayya na ba shi tallafin da ba rance ba ne. Ga Nabaho dutse ɗaya babu, don ƙasarsu ba a karɓar mata irin wannan haraji. Sai da suka yi ta kai da kawowa a Washinton har aka yi doka a 1971 don kwalejinsu, aka yi wata a 1978 don dukan kwalejojin al'ummun asali. Hukumar Nabaho ma na zuba nata kason. A 1994 wata doka ta sa su cikin jerin makarantun da ke samun kuɗin aikin gona da kiwo, abin da ya ba su halin tura malamai ƙauyuka suna koya wa makiyaya rigakafi, sausayar tumaki, rarrabe gashi daraja-daraja don ya yi kuɗi, da duba lafiyar makiyaya.

Na bakwai, tantancewa. Makaranta ba ta yabon kanta. Akwai hukumar waje da ke zuwa bayan ƴan shekaru ta binciki malamai da littattafan kuɗi da sakamakon ɗalibai. In ba ta sa hannu ba, tallafin gwamnati ya tsaya, takardar makarantar kuma ba ta da daraja a wani wuri. Kwalejin Nabaho ta samu wannan shaida a 1976. Sashen dabbobi na Crownpoint kuma ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ce ke tantance shi, wanda ya gama sai ya zauna jarrabawar ƙasa kafin a ba shi lasisi.

Na takwas, abin da ke riƙe ɗalibi. Sun gane cewa abin da ke korar talaka daga karatu sau da yawa ba wuyar darasi ba ce: nisa ne, da yunwa, da rashin mai riƙe jariri. Don haka akwai ɗakunan kwana, da gidajen masu iyali, da wurin renon yara. Sun kuma buɗe rassa a wasu garuruwa kamar Chinle, don kada kowa ya ce sai ya zo Crownpoint.

Inda take yoyo

Kada in sayar muku da saniya ban nuna muku gurguwar ƙafarta ba. A kwalejojin jama'a na Amurka gaba ɗaya, waɗanda ke gama difloma cikin shekara 3 ba su kai rabin waɗanda suka shiga ba. Shiga da sauƙi, gamawa da wuya. Kuɗin da majalisar Amurka ke sakin wa kwalejojin al'ummun asali ya daɗe yana kasa abin da doka ta yarda a ba su. Kuma makaranta ba ta haifar da aiki inda babu shi: rashin aiki na da yawa a ƙasar Nabaho, har yau gidaje da dama ba su da ruwan famfo, kuma wasu da suka gama sai sun fita manyan birane kafin su samu abin yi. Garken tumakinsu ma bai koma yadda yake kafin 1933 ba. Abin da makarantar ta ba su shi ne mutanensu cikin asibiti da kotu da ofishin kiwo, masu jin harshen tsohuwar da ta kawo tunkiyarta.

Abin da ya shafe mu

To, jama'a, mu dawo gida. Mu ma ba a ce babu makarantun kiwo a ƙasashenmu ba. Akwai makarantar raya karkara ta Kollo, akwai ta malaman kiwo a Maraɗi, akwai ta Marwa a Kamaru, akwai babbar makarantar likitocin dabbobi ta Dakar. Waɗanda suka fito daga irinsu ne suka bi ruga-ruga da allura har aka ga bayan bushiya, wadda aka bayyana ƙarewarta a duniya a 2011. Ba mu raina musu ba. Sai dai an kafa su ne tun asali don su samar wa gwamnati ma'aikata, ana shigarsu da takarda, da Faransanci ake koyarwa, kuma makiyayi ba shi da kujera inda ake yanke abin da za a koyar. Akwai kuma cibiyoyin koyon sana'a da aka buɗe cikin kominoni, inda aka fi koyar da ɗinki da walda da kafinta. Su ne suka fi kusa da mu, kuma su ne ya fi sauƙi mu sa baki cikinsu.

Ku lissafa aikin da muke biyan wasu, ko muke asara don babu mai yi. Mai allura da ya san awon magani, ya kuma san na jabu. Mai gyaran famfon rijiya mai aiki da hasken rana, wanda in ya lalace a tsakiyar rani sai an jira wani daga birni. Mai yanka ciyawa ya adana ta, mai haɗa dusa da ƙwalam don kiwon turke. Mace mai sarrafa nono da cuku su kwana ba su lalace ba. Mai jima da mai kilishi. Ku fatake, yaron da zai riƙe muku littafi, ya san takardun kan iyaka, ya san abin da doka ta ce a biya da abin da ba ta ce ba. Da wanda zai zauna cikin kwamitin filaye ya buɗe dokar 1961 ta iyakar noma, da kundin dokokin karkara na 1993, da dokar kiwo ta 2010 wadda ta amince da tafiyar makiyayi a matsayin haƙƙinsa, ya karanta wa mutane da harshensu ranar da aka toshe burtali.

Don haka ina roƙon ƙungiya abu 3. Na ɗaya, kowane reshe ya zauna kafin taro mai zuwa ya rubuto ayyukan da yankinsa ke rasa mai yi, da yawan samari da ƴan mata da suka bar lakwal suna zaune. Na biyu, a tura wakilai ga cibiyar sana'a mafi kusa da kowane reshe, a nemi a buɗe sashen kiwo, a nemi kujerar makiyayi da ta ɗan kasuwar bisashe cikin kwamitin da ke tafiyar da ita. Na uku, mu yarda mu sa namu. Wanda bai zuba ko dala ba, muryarsa ba ta da nauyi ranar rabo. Ko ɗan abin da za a riƙa cirewa bisa kowace dabba da aka sayar ranar kasuwa, in an riƙe shi da amana kuma ana karanta lissafinsa gaban jama'a, zai ciyar da ɗalibai.

Kuma duk wanda ya zo muku da zancen makarantar sana'a, gwamnati ce ko mai taimako daga waje, ku yi masa waɗannan tambayoyi. Wa zai iya shiga, har da wanda ya faɗi jarrabawa da matar aure? Da wane harshe za a koyar? Kalandar ta san lokacin da garke ke tafiya arewa da lokacin da yake dawowa? In yaro ya tsaya ya dawo, za a lissafa masa abin da ya riga ya yi? Wa zai amince da takardar? Wa ke da ikon sauke shugaba in ya ci amana? In mai taimako ya tafi bayan shekara 3, wa zai biya malamai? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kada mu ji kunyar tambaya.

Ɗan yayana da na ba ku labari yanzu shekararsa ta wuce ta shiga kowace gasa. Amma da akwai wurin da zai je wata 9 ya koyi aikin dabbobi, karatun nan nasa na shekara 10 da muke ganin ya tafi banza shi ne zai zama masa jari. Irinsa na nan cikin kowace ruga da kowane zango. Su nake so mu tuna in mun zauna shawara gobe da safe.

 Inda na yi kure ku gafarce ni, wanda ke da tambaya kuma ina nan har a tashi. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mana bisashe, ya shirya mana zuri'a, ya mai da kowa gidansa lafiya.